Akwatin "Ba a Gane Ba"

5 ga Fabrairu, 2024

Yau na sauko da akwatin daga saman kabad ɗin ɗakin gwajinmu, inda muke duba naman dabbobi a madubin likita don gano cuta. Ya daɗe a can yana shan ƙura, an rubuta masa "ba a gane ba" da jan alƙalami a gefe. Duk wanda wani nama ya gagare shi, ya ƙi faɗin sunan ciwonsa, sai ya jefa shi ciki ya kakkaɓe hannu. Na ƙirga na samu dunƙulen kaki 38: na karnuka 26, na aladu 12. Kowane dunƙule ɗan yankin nama ne da aka ciro daga dabba mai rai ko daga mushe, aka jiƙa a fomalin, aka tsotse ruwansa da alkohol, aka binne shi cikin kakin farafin. Naman da aka yi wa haka yakan shekara da yawa siffarsa ba ta gushe ba.

Ga abin da na ɗora wa kaina. Zan sa a sake yanka kowanne, a sake rinawa, in karanta shi kamar yau aka kawo, kuma ba zan duba abin da na farko ya rubuta ba sai na gama rubuta nawa. Sabbin da za su shigo a wannan tsakani, in sun yi gardama, su ma nan zan rubuta su.

Farfesa ya leƙo ya tarar na baje su a tebur. Na ce, "Ranka ya daɗe, so nake in ga ko akwai baƙin cututtuka a ciki." Ya ɗaga ɗaya ya duba a hasken taga, ya ce, "Akasarinsu 'yan gida ne, riga kawai suka sake." Ban musa ba, amma a raina ina fatan ya yi kuskure.

9 ga Fabrairu

Baba, wanda ya fi kowa daɗewa a ɗakin gwajin nan, ya yanka duka cikin kwana uku. Tsohon kaki yana da taurin kai, sai ya ɗora shi a kan ƙanƙara tukuna kafin wuƙar injin ta fitar da yanka mai kaurin kashi 4 cikin 1000 na milimita, ya shimfiɗa a ruwan ɗumi, ya kwaso da gilashi. Rinin farko shi ne na kullum, hematoksilin da iyosin: cibiyar ƙwayar halitta ta yi shuɗi, jikinta ya yi ja-ja.

Bakwai sun faɗi tun a nan. Uku sun ruɓe kafin su ga fomalin. Biyu an daskarar da su a firji, ƙanƙara ta huda su kamar rariya. Biyu kuma waje ya kamu, ciki ya narke, don an cusa ƙaton ƙari cikin 'yar kwalba. Wannan na ƙarshen yana ƙona mini rai, domin har gobe ana yi. Fomalin ba ya gudu, kusan milimita 1 yake ratsawa a awa, saboda haka ake son yankin nama kada ya wuce kaurin santimita 1, ruwan kuma ya ninka naman sau 10. Sai mutum ya tura ƙari mai girman dunƙulen hannu ta ƙaramin bakin kwalba yana da laushi, ya iso nan ya sandare, sai mun fasa kwalbar. Wato waɗannan bakwai ba cutar ce ta gagara ba, naman ne aka kashe a hanya.

Saura 31. Lamba 17 ta tsaya mini a rai: ƙari a laka, daga kare ɗan wata 14, irin makiyayin Jamus, ƙafafun bayansa suka mutu a hankali. Akwai ƙananan ƙwayoyi shuɗɗa a cunkushe, da wasu da suka jeru suka yi zobe. Na kasa sa masa suna. Na ajiye shi gefe.

14 ga Fabrairu

Sabon aiki ya shigo ya ture tsofaffin. Kare namiji ɗan shekara 4, mai yawo, wata biyu yana haɓo ta kafar hanci ɗaya, yana atishawa, fuskar ta fara kumbura. Likitan da ya aiko ya rubuta "sankarar hanci", kuma mai karen har ya fara maganar a kashe shi ya huta. Ba laifinsu ba ne, don sankarar hanci irin wadda aka saba gani ba ta da daɗin labari. Sai dai ita ta fi kama tsofaffi, wannan kuwa bai tsufa ba.

Allah ya taimaka, likitan ya haɗo da gilashi biyu da ya goga abin da ya shato daga cikin hancin. Na rina da Gimsa na sa a madubin likita. Ƙwayoyi ne zagayayyu, kai ɗaya, kowace a ware, kamar an baza kwabbai a tabarma. Cibiyar kowace tana da ɗigo guda babba, da yawa suna tsakiyar rabuwa. Abin da ya sa na gyara zama shi ne 'yan ƙananan ramuka farare, masu tsabtar baki, da suka jeru a gefen jikin kowace ƙwaya kamar raɓa a bakin ganye.

Ƙarin da ƙwayoyinsa suke zagayayyu a kare iri biyar ne muke jerawa a ka: limfoma (sankarar ƙwayoyin kaluluwa), ƙarin ƙwayoyin mast, histiyositoma, filasmasitoma, sai ƙarin da karnuka ke ɗauka wajen barbara. Waɗannan ramukan na na biyar ne.

Duk sa'ad da na gan shi sai na ɗan tsaya, ko da na gan shi sau ɗari. Ba wata ƙwayar cuta ce ke haddasa shi ba, ƙwayar ƙarin ce da kanta take tsallakawa daga kare zuwa kare ta kama wuri ta tsiro. Abin da nake kallo a gilashin ba jikin wannan karen ba ne, jikin wani kare ne da ya mutu tun tuni, ƙwayoyinsa suka ƙi mutuwa. Kare yana da kuromozom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, 78, ƙarin nan galibi 57 zuwa 59 gare shi, ko a wace nahiya aka same shi. Delabere Blaine ya bayyana shi a Ingila a 1810. A 1876 wani likitan dabbobi na Rasha, Novinsky, ya ɗebo daga wani kare ya dasa wa wani ya kama. Binciken ƙwayoyin gado da aka fitar a 2014 ya kiyasta shekarunsa kusan 11,000, na 2019 ya rage zuwa tsakanin 4,000 da 8,500. Ko wanne aka ɗauka, tsoho ne tukuf.

Yadda ya hau hanci ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san kare: sansana da lasa. Na kira likitan na ce ya zare kuben ya duba gindin azzakarin sosai. Ya duba, ba kome. Haka yakan faru, ya zauna a hanci kaɗai, musamman a maza. Na gaya masa kada a kashe karen. Allurar binkiristin ta jijiya, mako-mako, yawanci sau 4 zuwa 6, takan narkar da shi. Na ja kunnensa a kan kada ɗigo ya zuba a wajen jijiya, don yana cin nama.

Da yamma na koma akwatin da wannan idon, sai ga huɗu sun amsa: ɗaya daga fatar ido, ɗaya daga dasashi, biyu daga fatar jiki. An rubuta wa uku "limfoma?" da alamar tambaya. Ban ga laifin mai rubutun ba. A yankan kaki ramukan nan ba sa fitowa sosai, shafin gilashi mai sauƙi ya fi nuna su. Da wurin ya zama al'aura da ba wanda zai yi jinkiri. Maki ɗaya ga Farfesa.

22 ga Fabrairu

Na sa Baba ya rina sauran masu zagayayyun ƙwayoyi da shuɗin toluidin. Uku sun tona kansu: ƙananan tsaba masu launin shunayya a cikin ƙwayoyin, wato mast. Da ma iyosinofil, fararen ƙwayoyin jini masu jan tsaba, da suka cika tsakaninsu sun isa su sa a yi zato. Ɗaya an taɓa shafa shi a gilashi aka yi masa rinin gaggawa, tsabar ba ta kama ba, aka sallame shi da sunan histiyositoma, wanda yakan baje da kansa. Rinin gaggawa yana da wannan halin.

Na auna tsananinsu da ma'aunin Kiupel na 2011, mai hawa biyu, na ajiye na Patnaik na 1984 mai hawa uku, don a wancan kowa yakan fake a hawan tsakiya. Ƙwayoyi masu rabuwa 7 ko fiye a fili 10 na babban ƙarfin madubi sun isa a ce mai tsanani ne. Wanda aka sallama ɗin na ƙirga 11.

1 ga Maris

Yau na sha kunya, gara in rubuta da hannuna.

Lamba 31 saifa ce da kaluluwar alade, cike da baƙin abu. Kwanan nan na yi ta karatu a kan melanoma, sankarar ƙwayoyin baƙin launin fata, a aladu, yadda ake haihuwar 'ya'yan aladu irin Duroc da ita, da ƙananan aladun Sinclair na Amurka da na Libechov a ƙasar Cek waɗanda ake kiwo musamman don nazarinta. Kaina ya cika da ita, sai na rubuta "melanoma da ta bazu" har da ja masa layi. Baba ya zo ajiye gilasai, na ce ya leƙa ya ga abin kirki. Ya leƙa, ya murɗa madubin sama da ƙasa, ya ce, "Ɗana, baƙin nan a kan naman yake zaune, ba a cikinsa ba. Duba, inda jini yake nan ya taru."

Ya ɗauki wani yankan ya tsoma a sinadarin fikirik da alkohol, baƙin ya wanke tas. Dattin fomalin ne. Idan fomalin ya yi tsami, ba a daidaita shi ba, yakan haɗu da jini ya zubar da baƙin gari a nama mai yawan jini irin saifa. Ƙarƙashinsa ba ƙari ko kaɗan, cunkoson jini ne kawai. Kama da wane ba wane ba ne.

Lamba 33 kuwa ta gaske ce, daga fatar Duroc. Baƙin ya rufe kome sai da muka kore shi da famanganet kafin cibiyoyin su fito. Abin sha'awa, rabin ƙarin ya riga ya mutu: ƙwayoyin share datti sun ƙoshi da baƙin launi, limfosait, ƙwayoyin garkuwar jiki, sun kewaye, tabo yana shigowa daga gefe. A aladu melanoma takan ja da baya da kanta, fata da gashin wurin su yi fari. Takardar ta ce kaluluwar kusa ma baƙa ce, amma ba a aiko ta ba, don haka ba zan ce ƙarin ne ya isa can ko launin ne kawai aka kwasa ba.

12 ga Maris

Wata gona ta yi asarar aladu 9 masu tasowa, duk daga ɗaki ɗaya, cikin kwana biyu. Bayanin da aka aiko: suna zagaye wuri ɗaya, suna karo da bango kamar makafi, su zauna zaman kare, hanci ya fara rawa, kai ya riƙa fizguwa baya har su kife suna shure-shure. Bayan 'yan mintoci su tashi, can kuma abin ya dawo. Likitan gonar ya zaci sanƙarau ne na ƙwayar Streptococcus suis, ya yi allurai, ba su yi kome ba. Wannan likitan ya san aikinsa: ƙwaƙwalwa biyu ya aiko cikakku, kowace a bokitin fomalin mai yalwa.

A ido ba abin a zo a gani, illa tudun ƙwaƙwalwar sun ɗan baje. A madubi kuwa, da na sauka kan ɓawon ƙwaƙwalwa, kowace ƙaramar jijiyar jini ta sha ɗamara da ƙwayoyi masu jan tsaba, layi uku, layi huɗu, har cikin rigar ƙwaƙwalwar. Iyosinofil zalla. Da sanƙarau ne da wasu fararen ƙwayoyin jinin, nutirofil, zan gani, da mugunya. Ɗaya daga cikin biyun kuma wani sashe na ƙwayoyin ɓawon ya mutu a jere, kamar an ja layi.

A alade wannan hoton kusan abu ɗaya yake nufi: gubar gishiri, wadda galibi ba yawan gishirin ba ne, rashin ruwa ne. Na kira likitan na ce, "Likita, ruwa ya taɓa yankewa a ɗakin nan?" Ya ce manajan ya tabbatar masa ba a taɓa ba. Na ce ya bar manaja, ya tambayi wanda ke share ɗakin. Bayan awa ɗaya ya kira. Bututun ya toshe kusan kwana biyu ba wanda ya lura, yaron da ya gano ya ji tsoro, ya gyara, ya cika musu kwami har baki, suka sha iya shansu. Abin ya fara ne bayan sun sha.

Haka yake aiki. In ruwa ya yanke, sodiyam yakan hau a jini ya taru a ƙwaƙwalwa, yawansa kuma ya hana ƙwayoyin samun ƙarfin fitar da shi. Ruwa na shiga jiki da yawa lokaci guda sai ya ruga inda gishirin yake, ƙwaƙwalwa ta kumbura cikin ƙoƙon da ba ya buɗewa. Shi ya sa ake ba su kaɗan-kaɗan, a kai a kai, ko da suna ihu. Yaron nan tausayi ne ya sa shi, ba mugunta ba, na kuma roƙi likitan ya faɗi haka in ana maganar korarsa.

Sa'a muka yi da lokaci. Iyosinofil ɗin ba sa daɗewa, bayan kamar kwana biyu sukan janye wasu ƙwayoyin su maye gurbinsu. Da waɗanda suka jima suna jinya aka aiko, da watakila wannan ma ta ƙare a akwatin.

19 ga Maris

Karen haɓo ya karɓi allura ta biyar yau. Jinin ya tsaya tun bayan ta biyu, fuskar ta sabe. Na ce a ci gaba da duba fararen ƙwayoyin jininsa kafin kowace allura, a kuma tsare shi a gida.

Huɗu daga dunƙulen aladu limfoma ne, ba gardama. Ita ce ƙarin da aka fi samu a alade, ban san me ya kai su akwatin ba.

27 ga Maris

Mun feɗe kare ɗan shekara 7 da safe, ni da ɗalibar da ke taya ni. Watanni yana dawo da abinci da zarar ya haɗiya, ya rame ƙashi da fata, amma ƙafafunsa huɗu sun yi kauri, da tauri kamar itace.

Da muka buɗe ƙirji muka bi bututun abinci, gab da inda zai shiga ciki sai ga ƙari ya kai dunƙulen hannu, samansa ya ɓare yana wari. Wuƙa ta shiga tana ƙara, kamar ana yankan tsakuwa. Kusa da shi akwai wasu ƙullutai biyu ƙanana, kowanne da ɗan rami a tsakiya. Na tsaga ɗaya, sai ga tsutsotsi jajaye a nannaɗe kamar zaren da ya harɗe. Ɗalibar ta ja da baya, sannan ta matso da ma'auni: mafi tsawo santimita 7. Spirocerca lupi.

Na sa ta tsaga babbar jijiyar jini ta shafa cikinta da yatsa. Maimakon santsi, duk ramuka ne da tabo. Nan tsutsar ta bi. Kare yakan ci buzuzu mai ɗauke da ita, ko ƙadangare ko kaza da suka ci buzuzun. 'Yar tsutsar ta huda bangon ciki, ta hau cikin bangon jijiyoyi har babbar jijiya, ta yi watanni a can, sannan ta ƙaura bututun abinci ta gina ɗaki. Ƙasan ƙasusuwan bayan ƙirjin ma sun yi tsiro. Kaurin ƙafafun kuwa sabon ƙashi ne da ya bi dogayen ƙasusuwa ya lulluɓe, abin da kan biyo bayan babban ƙari a ƙirji.

Tsutsar da ke jawo sankara ba ta da yawa a duniya, wannan tana cikinsu. Ƙarin ya tafi wanka a sinadarin fomik don ƙashin ya yi laushi kafin a yanka.

Wannan ya tuna mini lamba 9, "sakoma a ƙirji, ba a san tushe ba", wato wata sankara. Na roƙi Baba ya ƙara nitsawa cikin kakin. A yanka na shida, can gefe, ga ƙwai ƙanana dogaye masu kaurin ɓawo, kowanne da 'yar tsutsa a naɗe. Tushen yana nan tun farko, wuƙa ce ba ta kai ba.

3 ga Afrilu

An kawo mushen alade ba sanarwa, a bayan mota. Fatar cinyoyi da ƙarƙashin wutsiya duk tabbai ja masu duhu, wasu sun haɗe. Ƙodoji sun kumbura, sun yi fari, da ɗigon jini ko'ina. Kaluluwa jajaye.

Na ajiye wuƙa. Zuciyata ta fi karkata ga ciwon fata da ƙoda da ake dangantawa da wata ƙwayar cutar aladu da ake kira sarko ta biyu, don alade ɗaya ne ya mutu, saifar kuma ba ta yi girman da nake tsoro ba. Amma da ido ba mai raba shi da zazzaɓin aladu na Afirka, kuma wannan ba ciwon da ake caca da shi ba ne. Tun da likitan dabbobi Montgomery ya bayyana shi a Kenya a 1921, ya shiga Jojiya a 2007, ya kai Sin a 2018, kowa ya ga abin da yake yi wa garke. Mun sanar da hukuma, mun ɗebi saifa da kaluluwa ɗanye a kan ƙanƙara don gwajin ƙwayoyin gado, mun wanke motar da tebur da takalma. Mai gonar bai ji daɗin an ce kada alade ya fita ba. Na fahimce shi, ban janye ba.

11 ga Afrilu

Ba zazzaɓin ba ne. Gilasan ma sun fito: matatun ƙoda sun toshe da fibirin, bangon ƙananan jijiyoyin fata ya mutu, a kaluluwa limfosait sun ƙaura manyan ƙwayoyi masu cibiya da yawa sun zauna. Zatona ya yi daidai, kuma ko gobe aka kawo irinsa haka zan sake tsayar da kome.

15 ga Afrilu

Mai duba nama a mahauta ya aiko ƙodar alade ɗan wata 6, lafiyayye har ranar yanka. Rabin ƙodar ƙari ne fari, mai tauri, a cikin jaka. Nefroblastoma, ba wuya. A alade sananniya ce, galibi a mahauta ake tsintar ta, ba ta cika bazuwa ba. Ita ce 'yar'uwar ƙarin ƙodar yara da ke ɗauke da sunan Max Wilms tun 1899. Na ba ɗalibar don ta koyi sassanta uku: ƙananan ƙwayoyi shuɗɗa a cunkushe irin na ɗan tayi, bututu-bututu da suke ƙoƙarin zama ƙoda, da saƙar da ke riƙe su. A wasu wuraren har wani ɗan tsiro yakan kutsa cikin zobe, yana kwaikwayon matatar ƙoda bai iya ba.

Ta daɗe a kan madubin, sannan ta ce, "Malam, ni fa na taɓa ganin wannan. Ba shi ne na lakar karen nan ba?"

Na ce ƙoda daban, laka daban. Ta yi shiru, amma ba ta tashi ba. Na ciro lamba 17 don in nuna mata bambancin, muka jera su. Bambancin bai zo ba. Zobban da na yi wata biyu ina kallo, waɗanda na farko ya kira efendimoma, wani ƙarin laka, ga ɗan tsiro yana kutsawa cikin biyu daga cikinsu, sak na aladen.

Akwai shi kuwa, na san da shi a karatu, ban taɓa sa shi a ido ba. Nefroblastomar laka a ƙananan karnuka, galibi daga wata 6 zuwa shekara 3, makiyayin Jamus a gaba. Takan zauna tsakanin ƙashin ƙirji na 10 da na kwankwaso na 2 ko na 3, cikin rigar laka amma a wajen lakar kanta. Bayanin da aka fi karɓa shi ne ɓurɓushin naman da zai zama ƙoda ne ya maƙale a can tun kare yana ciki. Na koma takardar: shekaru sun dace, iri ya dace, wurin da aka rubuta shi ne ƙashin ƙirji na 12. Duk yana gabana tun 9 ga Fabrairu.

Na gaya mata ita ta gano, kuma haka zan rubuta. Amma siffa kaɗai ba ta isa ba, sai rinin garkuwa, wanda kowane irinsa ke kama wani sunadari takamaimai a nama, ya shaida: WT1 ya kama cibiyoyi, sitokeratin ya kama bututun, GFAP kuma ya ƙi.

24 ga Afrilu

Tsugune ba ta ƙare ba. Gilasan lamba 17 sun fito fari fat, ba abin da ya kama. Ƙodar kare lafiyayya da muka rina tare don shaida ta kama da kyau, wato sinadarin lafiya lau yake. Ɗalibar ta karaya, ta ce ke nan ba shi ba ne. Na nuna mata gilashin bimentin, wanda ya kamata ya kama ko bangon jijiyoyin jini ne a kowane nama. Shi ma fari. Naman da bai amsa wannan ba bai ce a'a ba, kurma ne. Wataƙila ya yi makonni a fomalin kafin a sa shi a kaki, sunadaransa suka ɗaure.

Mun dafa shi a ruwan sitiret kamar kullum, bai buɗe ba. Baba zai gwada ruwan EDTA mai pH 9, ya ƙara lokaci. Damuwata kakin ya kusa ƙarewa, abin da ya rage bai fi yanka biyar ba, kuma dafuwa mai tsanani takan ɗaga nama daga gilashi.

Ƙarin bututun abinci ya fito daga fomik: ostiyosakoma, sankarar ƙashi, da ƙwayoyi marasa fasali suna zuba ɗanyen ƙashi. Ya kai huhu.

6 ga Mayu

Yanka biyu sun tashi a ruwan zafi, sun tafi. Na uku ya zauna, ya ɗan yage a gefe. Bimentin ya dawo a jijiyoyi. WT1 ya kama cibiyoyin ƙananan ƙwayoyin da na 'yan tsiron nan, ruwan ƙasa, ba mai ƙarfi ba amma a inda ya kamata. Na huɗu mun ba GFAP: lakar da ke gefe ta kama, ƙarin bai kama ba. Na biyar na hana a taɓa, sitokeratin ya haƙura.

Na kai wa Farfesa tare da ɗalibar. Ya daɗe yana kallo, ya ɗago ya ce mata, "'Yata, wannan kam baƙo ne." Sannan ya juyo gare ni ya tambayi nawa ne 'yan gida. Na ce cikin 31, 22 sun sami suna, kuma in ban da wannan da lamba 9 da lamba 33, duk irin waɗanda muke gani kowane wata ne. Bai ce kome ba, ya miƙo mini gilashin.

Tara sun rage. Biyar ba su da takarda ko kaɗan, ba shekaru, ba wurin da aka ciro, sai in bi tsohon rajista da lambar shekara ko zan dace. Gobe lamba 24: hantar alade mai fararen ƙullutai da aka rubuta wa "ƙari?", ni kuwa ina ganin manyan ƙwayoyi masu cibiya da yawa a bakin kowane ƙulli. Na riga na ba Baba takardar rinin Zil-Nilsan, ya ce jan rinin ya tsufa, sai ya haɗa sabo da safe.